Sayar da garin gahawa mai tsada ta intanet: tsarin wata-wata ko ciniki kai tsaye, wanne za ka fara da shi?

Duk wanda ya zo min da maganar yana son buɗe ɗan kamfani na sayar da garin gahawa ta intanet, irin mai narkewa nan take ɗin nan amma na manya mai tsada, tun kafin ya gama bayani nasan inda zai dire, wai tsarin wata-wata zai yi, kwastoma ya saka katinsa sau ɗaya, duk ƙarshen wata a cire kuɗi a aika masa kwali, shi kuma kuɗi na ta shigowa ko yana barci. Ni kuma tambayata ɗaya ce kullum, mutumin da bai taɓa ɗanɗana kayanka ba, bai san ƙamshinsa ba, me zai sa ya ba ka izinin taɓa asusunsa duk wata? To abun da nake so mu zauna mu auna kenan, tsarin wata-wata a hannu ɗaya, ciniki kai tsaye a ɗaya hannun, wato mutum ya shigo shafinka ya sayi kwali ɗaya ya tafi, in ya ji daɗi ya dawo da ƙafarsa.

Amma fa kafin nan sai mun yi maganar kayan kansa, don rabin amsar a nan take.

Garin gahawa ba wani sabon abu bane. Nestlé ta fitar da Nescafé tun 1938 a Suwizalan, bayan Brazil ta nemi a samo mata hanyar da za ta yi da gahawar da ta yi mata kwantai, kuma tun daga lokacin sunan da wannan kaya ya yi a duniya shi ne abu mai araha mai sauri, wanda ake sha don ido ya buɗe ba don daɗi ba. Dalili kuwa a fili yake. Yawancin na kasuwa da nau'in robusta ake yi, wanda Biyetnam ta fi kowa nomawa, ya fi ɗaya nau'in wato arabika ɗaci, maganin hana barcin da ke cikinsa ya kai kusan ninki biyu, kuma ya fi araha. Sannan manyan masana'antu suna tatsar waken da ruwa mai tsananin zafi a ƙarƙashin matsi don su fitar da duk abun da zai fita, alhali in ana dafa gahawa mai kyau kashi 18 zuwa 22 cikin 100 na nauyin waken kawai ake so ya narke ya shiga ruwa, in aka wuce nan ɗaci da ɗanɗanon itace ne ke biyowa. Daga nan sai busarwa, hanya biyu ce. Ta farko a fesa ruwan gahawar cikin doguwar hasumiya mai iska mai zafi, ya faɗo ƙasa ya zama gari, tana da sauri tana da araha amma ƙamshi da yawa yana bin iska. Ta biyu a daskarar da shi a sanyin da ya kai wajen digiri 40 ƙasa da sifiri, a farfasa, a saka a ɗakin da aka zuƙe wa iska, ƙanƙarar ta tashi ta zama tururi ba tare da ta koma ruwa ba. Wannan ta biyun ita ce ta shigo kasuwa a shekarun 1960, tana cin lokaci tana cin wuta, amma ita ke riƙe ƙamshi.

In kana son ka ce kayanka na manya ne, ta biyun ce taka, ba wani zaɓi a nan. Kuma ka lura da kyau in masana'anta ta aiko maka da samfur, don akwai dabarar da ake yi a turara garin da aka fesa ya dunƙule ya yi tsaki-tsaki kamar wanda aka daskarar. Zuba kaɗan a tafin hannunka ka murza da yatsa, dunƙulallen nan take zai koma gari mai laushi, na daskarewa kuwa za ka ga gutsattsari masu kaifin gefe kamar fasasshen gilashi, launinsu ya ɗan fi haske. Masu harkar suna da ma'auni, waken da ya samu maki 80 zuwa sama cikin 100 a wajen ƙwararrun masu ɗanɗano shi ake kira na musamman, to da irinsa ƙananan kamfanoni suka fara yin gari, misali Sudden Coffee da aka kafa a San Francisco a 2015, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi Kalle Freese zakaran haɗa gahawa ne na ƙasar Finlan. Manya ma ba su zauna ba, Starbucks ta fitar da garinta mai suna VIA tun 2009, Blue Bottle da Nestlé ta sayi mafi yawan hannun jarinta a 2017 ita ma ta fitar da nata garin. Kaga kenan filin ba naka bane kai kaɗai.

To yanzu ga inda garin gahawa ya bambanta da waken gahawa, kuma wallahi mutane da yawa ba sa tsayawa su yi tunanin nan. Mai sayar da soyayyen wake yana da hujja mai ƙarfi ta tsarin wata-wata, saboda wake in an soya shi cikin 'yan makonni ƙamshinsa ya fara tafiya, dole kwastoma ya riƙa karɓar sabo kaɗan-kaɗan, shi kansa ya san haka. Naka kuwa in yana cikin leda a rufe ruf yana iya yin shekara ko fiye bai canza ba. Wannan alheri ne a gare ka ta wajen ajiya, kaya ba zai lalace maka a sito ba, kuma ba shi da nauyi, kofi ɗaya gram 2 zuwa 5 ne yayin da na wake yake cin wajen gram 15, don haka kuɗin aikawa da sauƙi, kwalin wata guda ma zai shige akwatin wasiƙa. Amma wannan alherin shi ne kuma ya cire maka hujja. Kwastoma mai lissafi zai ce, tunda ba ya lalacewa me zai hana in sayi na wata uku lokaci ɗaya in huta? Kuma gaskiyarsa ne. Don haka in za ka yi tsarin wata-wata sai ka nemo wani dalilin da zai sa ya zauna, ko dai kana sauƙaƙa masa kar ya tashi da safe ya tarar ya ƙare, ko duk wata kana kawo masa wani sabo, wannan watan na Habasha mai ƙamshin fure da ɗan tsami, wata mai zuwa na Kolambiya, wanda ya biyo na Brazil mai kama da cakulan. Wannan na biyun ya fi riƙe mutane a ganina, amma yana nufin kala-kalar kaya, kuma kowace masana'anta tana da mafi ƙarancin odar da take karɓa, jarinka zai rarrabu ya kwanta.

Bari in ba tsarin wata-wata haƙƙinsa, don ba a banza kowa ke sonsa ba. Babban abun da yake ba ka shi ne sanin gobe. In kana da mutum 500 a rajista kasan kusan kwali nawa za ka haɗa wata mai zuwa, kasan odar da za ka ba masana'anta, ba za ka yi ta cika sito da kayan da ba ka san ranar fitarsu ba. Na biyu, kuɗin talla sau ɗaya ka kashe a kan mutum, sauran watannin ciniki ne ba tare da ka sake biyan Facebook ko Instagram ba. Na uku masu zuba jari suna son jin kuɗi na shigowa a kai a kai, labarin Dollar Shave Club da ke aika reza duk wata, wanda Unilever ta saya a kan dala biliyan 1 a 2016, shi ya sa kowa ya zabura. Sai dai waɗanda ke ba da wannan labarin ba kasafai suke haɗawa da na Blue Apron ba, masu aika kayan abincin da za a girka gida-gida, sun shiga kasuwar hannun jari a 2017 darajarsu ta kusa dala biliyan 2, a 2023 aka sayar da kamfanin a kan abun da bai wuce dala miliyan 103 ba, kuma babbar matsalarsu ita ce suna kashe maƙudan kuɗi su jawo mutane, mutanen su yi 'yan watanni su fice.

Ficewar nan ita ce komai, kuma lissafinta ba wuya, ɗauki biro. A ce bayan ka cire kuɗin kaya da leda da kwali da aikawa da kamashon masu karɓar kuɗi ta kati, ribarka a kwali ɗaya 10 ce, ko ma da wane irin kuɗi kake lissafi, misali ne kawai. A ce kuma sai ka kashe 40 a talla kafin mutum ɗaya ya saya. In ciniki kai tsaye ne kuma bai dawo ba, ka yi asarar 30, shikenan. In wata-wata ne kuma mutum 10 cikin 100 ke ficewa duk wata, a tsakaice kowa zai yi maka wata 10, ka samu 100 ka cire 40, kwalliya ta biya kuɗin sabulu har da ƙari. Amma in masu ficewa 25 ne cikin 100, wata 4 kawai mutum zai yi, 40 ta shigo 40 ta fita, aikin banza ka yi. Kar kuma ka manta ba wanda zai yi rajista sai ka yi masa rangwame, to in rangwamen ya mayar da ribarka 7, wata 4 ɗin nan 28 ce, kana faɗuwa ne a kan kowane kwastoma kuma a allo za ka ga kamar kasuwa na ci gaba tunda sababbi na shigowa. Dubi abun ta wata fuskar, mutum 100 da suka shiga yau, in 5 cikin 100 ke fita duk wata bayan shekara kana da wajen 54, in 10 ne saura 28, in 25 ne mutum 3 kacal za su rage maka. Ɗiban ruwa da kwando kenan.

Kuma ba duk mai fita bane ya yi niyyar fita. Kati ya ƙare wa'adinsa, ko banki ya ƙi biya, ko ranar da aka zo cirewa ba kuɗi a asusun, sai kawai rajista ta mutu, in ba ka da tsarin da zai sake gwadawa bayan kwana biyu ya kuma tura masa saƙo cikin ladabi, ka rasa mutumin da yake son kayanka. Mai ciniki kai tsaye ba ruwansa da wannan ciwon kan.

Akwai kuma abun da ni kaina ya faru da ni, shi ya sa nake jin zafin maganar. Na taɓa yin rajista da wani kamfani, kwali mai leda 30 duk wata, su a lissafinsu kofi ɗaya nake sha kullum. To ni wata rana in sha, wata rana tafiya ta kama ni, wata rana shayi nake so. Wata na uku na buɗe kabad na ga kwali biyu a jere ko ledar jikinsu ba a yage ba, na ukun a buɗe saura fiye da rabi, sai ga saƙo a waya wai an cire kuɗin na huɗu. Na shiga shafin in dakatar na wata ɗaya kawai, ban ga maɓallin ba, sai an tura musu imel an jira amsa. A ranar na soke gaba ɗaya, kuma gahawar tana da daɗi fa, da sun bar ni na tsallake wata biyu da har yanzu ina tare da su. Don Allah in za ka yi wannan tsarin, kwana uku kafin cire kuɗi ka tura saƙo, ka sa maɓallin tsallakewa da na sokewa a inda ido zai gani, ka bar mutum ya zaɓi sati 4 ko 6 ko 8. Ba maganar kirki kaɗai ba ce, doka ma ta fara shiga, a Jamus tun watan Yulin 2022 dole shafin da ke ɗaura mutane a irin wannan yarjejeniya ya sa maɓallin sokewa a fili, a Amurka kuma hukumar kare masu saye ta FTC ta kai Amazon kotu a 2023 kan zargin wahalar da mutane wajen fita daga tsarin rajistarta mai suna Prime, aka ƙare da sulhun dala biliyan 2.5 a 2025.

Wani abu kuma da tsarin wata-wata ke ɗaure ka da shi, farashi. Ka yi wa mutane alkawarin kuɗi kaza duk wata, alhali waken da kake saya farashinsa ba ya zama wuri ɗaya, sanyin da ya ƙone gonaki a Brazil a Yulin 2021 ya tayar da shi, a Fabrairun 2025 kuma arabika ta haura dala 4 a kan laba ɗaya a kasuwar New York, abun da ba a taɓa gani ba. Mai ciniki kai tsaye zai canza lamba a shafi da daddare, gari ya waye an ci gaba. Kai kuwa sai ka rubuta wa duk masu rajista cewa za ka ƙara kuɗi, kuma wannan saƙon shi ke tuna wa wanda ya manta da kai cewa ashe akwai abun da zai soke.

To ciniki kai tsaye fa, shi ba shi da aibu? Yana da shi mana. Ba ka san gobe ba, wannan watan oda ta yi ta zuwa, wata mai zuwa shiru kamar an ɗauke wuta. Mutum zai sha ya yaba, kayan su ƙare, ya ce bari anjima in yi oda, anjima ta zama sati uku, a hanya ya ga wata kwalba a kanti ya ɗauka, ka rasa shi ba tare da kun yi faɗa ba. Dole kullum kana bin mutane da tunatarwa, kuma talla ta ƙara wuya tun da Apple ta kawo sauyi a Afrilun 2021 wanda ya ba masu iPhone damar hana manhajoji bibiyarsu, kamfanin Facebook da kansa ya ce abun zai ci masa wajen dala biliyan 10 a 2022, ƙananan 'yan kasuwa kuma suka ga tallarsu ba ta samun mutanen da ya dace kamar da. Amma ƙofarsa a buɗe take, nan ne ƙarfinsa. Kayanka yana tsakanin mutane biyu da kowannensu ke kallonsa a karkace, masanin gahawa da zarar ya ji an ce gari ne mai narkewa sai ya yatsina fuska, wanda ya saba da na kanti kuma in ya ga farashinka sai ya riƙe baki. Ba hoto ko bidiyon da zai warware wannan, waya ba ta fitar da ƙamshi. Harshe ne kawai zai yi maka aiki, ɗan kwali mai leda 5 ko 6 kala biyu ko uku, a farashin da mutum ba sai ya yi shawara da kowa ba, ɗanɗani haukaci. Kyauta gaba ɗaya kuwa ban cika so ba, tana tara maka masu son banza waɗanda ko shekara za ka yi kana bi ba za su saya ba, gara ko kuɗin aikawa ne mutum ya biya.

Kuma wajen talla ka san da wa kake magana. Kar ka kwatanta kanka da kwalbar kanti, za ka sha kaye, ka kwatanta da kofin da ake saya a shagon gahawa, a nan ne kuɗinka zai yi kama da sauƙi. Mutanenka su ne matafiyi a ɗakin otal, ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, direban doguwar hanya, wanda ofishinsu ba abun dafawa sai butar ruwan zafi, mai jego da ba ta da minti goma nata na kanta. Waɗannan sun san daɗi, lokaci ko kayan aiki ne babu. Su kuma 'yar leda ta kofi ɗaya ta fi musu kwalba, tana shiga aljihu, sannan garin nan yana jan danshi ba kaɗan ba, duk wanda ya taɓa buɗe kwalba bayan wata biyu ya tarar ya daskare ya yi dutse cokali na ƙwanƙwasa ya san me nake faɗa. Ledar ta fi tsada kuma tana tara shara, wannan kam dole ka yarda da shi ka nemi wadda ta fi dama.

Maganar inda za ka baje kaya ba zan ja ta ba. A Amazon akwai jama'a kuma suna da nasu tsarin rajistar mai suna Subscribe & Save, amma za su yanki kamashonsu, za su ajiye ka kusa da wanda ya fi ka araha nesa ba kusa ba, kuma kwastoman nasu ne, ba za ka samu imel ɗinsa ka yi masa magana ba. Shafinka na kanka, ko a dandalin buɗe shagon intanet na Shopify ne ko wani, ba kowa a ciki sai wanda ka jawo, amma duk wanda ya shigo ka san shi, kasan me ya saya da ranar da ya kamata ya ƙare masa. Ga mai sabon kaya da yake buƙatar bayani, shafinka ya fi.

In ni ne da jarina a hannu yau, ciniki kai tsaye zan fara da shi, ɗan kwalin gwaji a gaba, babban kwali a bayansa, ba zan ma sa maganar rajista a shafin farko ba. Duk wanda ya sayi na gwaji, in an yi kwana 10 in tura masa saƙo ɗaya in tambaye shi wanne ya fi masa daɗi, in karanta amsar da kaina. Wanda ya dawo ya sayi babban kwali karo na biyu, shi zan yi wa tayin wata-wata, don shi ya riga ya nuna min abun ya shiga cikin safiyarsa, kuma daga tazarar odarsa biyu nasan ko mai sati 4 ne ko mai sati 7, ba sai na cusa masa nawa lissafin ba. Akwai ma tsaka-tsaki da mutane ke rainawa, a biya na wata uku lokaci ɗaya ba tare da sabuntawa da kansa ba, yana tafiya sosai a matsayin kyauta, kuɗi sun shigo maka tun farko kuma ba wanda zai ji an yi masa wayo.

Inda kawai zan ce ka fara da wata-wata tun ranar farko shi ne in dama kana da jama'arka, misali kana da shagon gahawa ko kana soya wake mutane sun san hannunka, ko kuma ofisoshi da otal kake sayar wa, su shansu ba ya canzawa sosai kuma mai sayen kayan ofis ya fi son abun da zai zo da kansa ba sai ya tuna ba. In ba haka ba, ka ba kanka wata uku zuwa huɗu, ka buɗe littafi ka rubuta duk wanda ya sayi kwalin gwaji da ranar da ya saya, ka sa alama a gaban duk wanda ya dawo cikin kwana 45 ba tare da ka yi masa rangwame ba. In alamun sun yi yawa, buɗe rajistar. In shafin littafin fari ne fes, koma wajen masana'anta da samfur a hannu, ku sake duba waken da yadda ake tatsarsa.